Wayar Abbu Ta Ƙi Yin Ƙara

Dhaka, farkon damina

Apa Dilruba,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ya aiki, ya zafin Colombo? Mu nan sai godiya. Ruwa dai ya cinye titin Mirpur, jiya mai keken riksha ya tsaya da ni a tsakiyar hanya ya ce daga nan kuma sai dai in yi iyo. Rubutowa nake yi maimakon in kira ki, saboda bangon gidan nan ba ya riƙe magana, kunnen Abbu kuwa garau yake, ciwon shanyewar ɓarin jikin bai taɓa shi ba.

Jikinsa da sauƙi. Hannun dama bai dawo ba, harshe da nauyi, amma ƙafa ta fara amsawa. Likitar gashin ƙashi ta ce watannin nan su ne komai. In ya dage da motsa jiki zai taka, in ya yi sanyi jikin zai sandare a yadda yake. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Yana matsawa yana harararta.

Ammu tana can ƙauyenmu, Shimulbari. Kin san shi da kansa ya ce kada ta biyo shi, wai wa zai riƙa juya masa uwarsa a gado? Dadi kuwa ba ta yarda da hannun kowa sai na surukarta. Tun da aka ɗaura wa iyayen nan namu aure ba su taɓa rabuwa haka ba.

To ga albishir. Shonge ta fito! Manhajar kiran nan da muke yi wa tsofaffin da ba sa karatu. Ni na zana fuskarta daga farko har ƙarshe. Babu rubutu, babu ƙananan hotunan da yatsa zai kuskure. Da'ira ɗaya ce koriya, ta cika allo. Ka danna, murya ta ce ka faɗi sunan wanda kake nema, ka faɗa, ta kira shi. Kowa da sunan da ya yi rajista da shi, don kada a rikice. Koren nan, Apa, na sha wuya kafin in samo wanda ido mai yana zai gani a tsakar rana. Na sa wa Ammu ranar da na je ɗauko kayan Abbu. Ta danna ta ce "Sajal," wayata ta yi ƙara a aljihu, ta zabura har ta kusa yar da tata. Abbu ma na sa masa, na kafa masa ita a gefen gado.

Yanzu sai ki yaba. Sau ɗaya dai a rayuwarki.

Ƙaninki,
Sajal

*

Colombo

Sajal, ɗan autan Ammu,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, sai kewar gida. Ka gaishe min da Abbu, ka ce na ce ya daina hararar baiwar Allah.

Na yaba. Ka ji ko? Ka adana wasiƙar nan don shaida. Ammu ta kira ni da kanta ranar Juma'a, ba tare da ta je roƙon matar maƙwabci ta danna mata ba. Ina tsakiyar kasuwa na tsaya ina share hawaye a gaban mai kwakwa. Hoton da ka turo ma na gani, da'irar ta yi kyau, ko makaho ya laluba zai same ta.

Amma ka san halina, ka kuma san aikin da nake yi. Kai naka aikin fuska ne: launi, girman maɓalli, inda ido zai fara sauka. Ni nawa yana farawa tun mutum bai ɗauki wayar ba, ba ya ƙarewa sai bayan ya ajiye ta. Me ya kawo shi, me yake tsoro, wa ke zaune kusa da shi, ya samu abin da ya zo nema ko ya tashi da haushi. Kai ka yi wa ƙofa fenti ka sa mata mariƙi mai kyau, ni kuma ina gefe ina kallon wanda ya shiga da wanda ya zo ya juya. To su wa kuka zauna kuka kalla suna amfani da ita? Kada ka ce min yaran ofishinku masu gilashi.

Abin da na fi son ji shi ne hirarsu da Abbu. Ka san bayan magariba ba a raba su, ita da shi a baranda, da shayi da kwanon muri, shinkafar nan mai garas-garas, suna gulmar duk garin. Yanzu ai sai su ci gaba ta waya. Ka riƙa fita kana ba su wuri.

Yayarka,
Dilruba

*

Dhaka

Apa,

Gaisuwa mai yawa. Na san yabon nan ba zai zo shi kaɗai ba. Eh, da yaran ofis muka gwada, da masu gadinmu, da gwaggon wani abokin aikina, kowa ya samu wanda yake nema a karon farko. Ki bar ni da ƙofata.

Maganar hira kuwa, da ba ki tambaya ba da na yi shiru. Ammu ba ta kira Abbu ba. Ko sau ɗaya.

Ni tana kirana, da rana ina ofis. "Kun ci abinci? Kowa da kowa ya ci? Ana shan magani a gidan nan?" Kin san wannan "kowa da kowa" mutum ɗaya ne. In na dawo sai in kira ta in kai masa wayata kusa da baki. Ta ce, "An ci abinci?" Ya ce, "An ci. Tsohuwa fa?" Ta ce, "Da sauƙi." Shi ke nan, kowa ya yi shiru suna sauraron numfashina.

Shi ba ya iya kira, muryar wayar ba ta gane harshensa yanzu. Na ce bari in kira masa ita a tasa in fita in ba su wuri. Ya daɗe yana haɗa maganar kafin ta fito. Ya ce, "Tana kiranka. Tana kiran Dilu. In tana so, ta san hanya."

Bayan magariba ya fi ba ni tausayi. Sai ya sa a juya shi ya fuskanci wayar, ya zuba mata ido har a kira isha'i, sannan ya ce a kashe fitila. Jiya na tsinci ƙwallon a ƙarƙashin gado. Na miƙa masa, ya kawar da kai.

Ban san me ke tsakaninsu ba. Ke ce babba, ke kika san sirrin gidan.

Sajal

*

Colombo

Sajal,

Allah ya ƙara wa Abbu lafiya. Wasiƙarka ta hana ni sukuni.

Ina jin fushi take yi. Ka tuna ta riga ta ɗaure kayanta, ya ce mata ta zauna a gaban mutane, da wannan harshen nasa mai nauyi har sai da ya maimaita. Ammu ba ta faɗa da baki, da shiru take yi. Amma wannan zatona ne kawai, kuma a aikina an koya min kada in yarda da zatona.

Ka je gida. Kada ka tambaye ta komai, in ka tambayi mutum zai ba ka amsar da yake ganin kana so. Ka zauna kawai ka kalle ta da wayar a hannu. Kuma kada ka wanke wayar nan daga zargi don kai ka zana ta. Abu yana iya yin kyau ya kuma tsaya tsakanin mutum biyu.

Dilruba

*

Colombo

Sajal,

Lafiya? Wata ya kusa ƙarewa ban ji daga gare ka ba. Na kira ka ka katse, ka turo min "ina aiki." Ammu ta ce kun yi magana, don haka na san kana raye. In fushi kake da ni ka yi, amma ka faɗa min jikin Abbu.

Apa

*

Dhaka

Apa Dilruba,

Ina gaisuwa. Tunda labarin jiki kike so, ga shi. Ya daina motsa jiki. Likitar ta zo ta koma, ta sake zuwa ya rufe ido ya ƙi buɗewa. Shinkafa sai loma kaɗan. Ƙafar da ta fara amsawa ta soma ƙagewa, likitar ta ja ni gefe ta ce lokaci yana tafiya. Shekaranjiya ina goge masa baya ya ce, "Ta huta." Na ce wa? Ya ce, "Wa ke son rabin mutum?" Wallahi, Apa, sai da na shiga banɗaki na kunna famfo don kada ya ji ni.

Na tambayi Ammu, duk da kin ce kada in tambaya. Na ce me ya sa ba kya kiransa? Ta ce, "Wayar nan ba ta sona," ta shiga ba ni labarin ruwa ya ci gonar rama. Na duba komai. Wayar ƙalau take, layi ƙalau, da ita ɗin fa take kirana!

Ke kuma kina can bakin teku kin rubuto min wai abin da na yi ya tsaya tsakanin uwata da ubana. Kin san sau nawa na karanta wannan layin? Ni nake ɗaga shi, ni nake wanke shi, ni nake ɗaura masa zanin lungi da safe kafin in kama hanyar ofis. Don su biyun nan na zana abin nan tun farko. Sai ki ce in je ƙauye in zauna ina kallo. In bar shi da wa?

Sajal

*

Colombo

Ƙanina,

Ka yi haƙuri. Na sake karanta abin da na rubuta, na ji yadda ya faɗo maka. Da bakin ofis na yi maka magana, alhali kai a gefen gado kake. Ba cewa na yi ka raba su ba. Ina nufin ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, kuma mutum ɗaya ce ta sani, ita kuwa ba za ta taɓa faɗa ba. Babu wanda ya yi wa iyayen nan abin da ka yi musu, ni ma ban yi ba.

Tambayarka gaskiya ce, a bar shi da wa? Da ni. Na ɗauki hutu, ranar Talata ina Dhaka. Ka nuna min yadda ake ɗaga shi, ka hau motar Gaibandha ka nufi gida.

In ka isa kada ka ce aiki ya kawo ka. Ka ci abincinta, ka yi barcinka. In ta ɗauki wayar, ka zama kamar ba ka nan. Abin da ya fi wuya a aikina ke nan, kuma kai zai fi yi maka wuya saboda bakinka ba ya zama: kada ka taimake ta. Hannunka zai yi ƙaiƙayi, ka zauna a kansa. "Wayar nan ba ta sona" ba shirme ba ne. Mutum ba ya faɗin haka a kan abin da bai taɓa gwadawa ba.

Ka tanadar min katifa, kuma ka share ɗakin, na san ka.

Apa

*

Shimulbari

Apa,

Na iso lafiya, ƙarshen hanyar a kwalekwale. Dadi tana nan yadda kika san ta, ta ce na rame, ta ce kuma har yanzu ban yi aure ba don rowa. Ammu ta rame da gaske. Ya kuke da Abbu?

Ki zauna kafin ki karanta sauran.

Jiya bayan magariba na kwanta a gadon baranda na juya baya kamar barci ya ɗauke ni. Ta gama ba Dadi magani, ta wanke hannu. Sai na ji ta shiga ɗaki ta canja sari. Ta fito da shayi, ta zauna a wurinta na kullum, kujerar Abbu tana gefe babu kowa. Ta ja bakin sari ta rufe kai, yadda take yi in ya shigo gida. Sannan ta ɗauki wayar ta danna koren nan nawa, ba kuskure, ba rawar hannu.

Muryar ta ce, "Faɗi sunan wanda kike nema."

Ammu ta waiwaya ta ga ko ina ji. Ta kai wayar bakinta ta ce a hankali, "Uban Dilu."

"Ban san wannan ba. Faɗi suna."

Ta ce, "Mai gidan nan."

"Ban san wannan ba. Faɗi suna."

Sai ta ce, kamar mai roƙon arziki, "Shi dai. Kin san shi ai. Yana Dhaka, ba shi da lafiya."

"Faɗi suna."

Ta kife wayar a cinya. Ta zauna haka har shayin ya huce.

Mu da muka tashi a gidan nan! Yaushe muka taɓa jin sunan Abbu, Mokbul Hossain, a bakin Ammu? Ke kin manta ranar da masu ƙidaya suka zo, ta turo ki ki faɗa musu sunan? Na san wannan tun ban iya ɗaura lungi ba, amma da na zauna gaban kwamfuta ko kaɗan bai zo min ba. Gwaggon abokina da muka gwada da ita kuwa 'yarta ta kira, ba wanda ya ce mata ta kira mijinta.

Na kasa zama a kan hannuna, ki yafe min. Na tashi na ce, "Ammu, tun yaushe?" Ta tsorata, sannan ta hau ni da faɗa wai ina laɓe. Da ta huce ta ce kullum, tun ranar da na tafi. Na ce to ki faɗa mana sau ɗaya, waya ce, ba mutum ba. Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, "Tun ina amarya ban kama sunan nan ba, sai yau don wata yarinya marar kunya a cikin waya? Kuma mutum yana kwance? An ce mace in ta kama sunan mijinta tana rage masa kwana. Ko gaskiya ne ko ƙarya, a kansa zan gwada?"

Na ce me ya hana ki faɗa min? Ta ce, "Na ga murnar da kake yi da abinka. Kuma da wane baki zan ce wa ɗana ina son magana da ubansa ni kaɗai?"

Ashe ba fushi take ba, ke ma kin faɗi. Ki bar ni in ji daɗin wannan kaɗai.

Yau da safe na kira mai rubuta mana manhajar, ya buɗe min hanyar da mutum zai sa wa kowa abin da yake kiransa da shi. Na zauna da ita a bakin murhu na ce, "To me kike kiransa?" Ta ce, "Ba na kiransa komai." Na ce in yana bakin tafki kina son ya zo fa? Ta sunkuyar da kai tana gyara itace, ta ce, "Cewa nake yi, kana ji?" Na ce ki faɗa wa wayar haka. Sai da ta kore ni daga madafa tukuna ta faɗa.

Kada ki gaya masa komai. Ki dai tabbata wayarsa tana da caji, ki juya shi ya fuskance ta bayan magariba. Ni zan tafi masallaci in ƙi dawowa da wuri.

Sajal

*

Dhaka

Sajal, ɗan autan Ammu,

Muna lafiya. Ka gaishe da Dadi, ka ce mata maganar aure ina bayanta.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, duk da ka ce in zauna, na ƙare a zaune a ƙasa. Eh, na faɗi. Shekaru ina koya wa mutane kallon mutane, ga shi uwata ban gan ta ba.

Da magariba ta yi na ce zan juya shi, ya ce in bar shi. Ya kwana biyu da daina fuskantar wayar, bango yake kallo. Na ce zanin gadon zan gyara, na juya shi da ƙarfin tsiya yana gunaguni. Na zauna ina yankan farce.

Sai ta yi ƙara.

Fuskar Ammu ta cika allon, hoton nan da ka ɗauka tana dariya ta rufe baki. Bai motsa ba. Ya dube ni ya ce, "Sajal ne ya danna mata." Na ce Sajal yana masallaci. Na miƙa hannu zan amsa masa, ya daka min tsawa, tsawa ta gaske irin ta da. Ya ɗago hannun daman nan da ƙyar, yatsun suka ƙi miƙewa, sai ya kai bayan hannun gaba ɗaya ya buga. Ya samu. Ka ji wannan da kyau, ƙanina: da maɓallin nan ƙarami ne, da sai na amsa masa, da kuma ba haka abin zai kasance ba. Ƙofarka ta yi aikinta.

Muryarta ta fito, ƙasa-ƙasa. "Kana ji?"

Bakinsa ya yi ta motsi babu magana. Sannan ya juyo ya nuna min ƙofa da haɓa. Ni da na tsallako teku don shi, korata ya yi! Na fita na ja ƙofa, amma ka san bangon gidanka. Na ji ya ce, "Ina ji." Sau biyu ya faɗa, na biyun ya fi fita. Daga nan na koma madafa na kunna famfon nan naka, don sauran ba nawa ba ne.

Har aka yi isha'i ba su gama ba. Da na shigo idonsa ya yi ja, ya harare ni don kada in yi magana. Ya ce ruwa ya ci ramar, kuma wai ɗan Kalam mai shago ya gudu da 'yar liman, kamar ni na tambaye shi. Ya ce akwai shinkafa? Na kawo masa da miyar dal da dakakken yalo, ya cinye, ya ce ba a sa man mastad yadda ake sawa a gida ba.

Ina kwashe kwanuka ya kira ni. Ya ce, "Ta ce in an girbe shinkafa in zo da ƙafata, ba za ta tari mutum a kan kujera ba." Sannan ya ce, "Dilu, duba ƙarƙashin gadon nan. Ina ƙwallon?"

Yana hannunsa yanzu haka da nake rubuta maka. Ka kira likitar ka ce ta zo gobe.

Yayarka,
Dilruba